Gaisuwar Tsaye

Zaituna ta tarar da saurayinta Nazeer a soron gidansu na Yakasai, ya jingina da bango, ƙafafunsa a sandare. Jiya ya gama tseren keke zuwa Damagaram, bayan ya yi tseren gudu, duk a gasa ɗaya. Yau ya zo gaida Baffanta karon farko, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, ya miƙa masa hannu ya gaishe shi a tsaye.

"Baffa ya ce ba ya ba da 'ya ga mai miƙo masa hannu," ta ce, idonta a ƙasa.

"Ki gaya masa ciwo ne. Tsere ɗaya ya rage in kammala gasar, sannan..."

Ta ɗago ta dube shi, ranta a ɓace. "Ka sunkuya wa keke tun daga nan har Damagaram, Nazeer. Baffana ne ka kasa durƙusa wa."