Gwajin Sanyi a Zauren da Ba Kowa

Kafin ka sa hannu a takardar gwajin nan, bari in ba ka labarin wani injiniya irinmu. An ba shi aikin sanyaya wani babban zauren taro, irin tsarin nan da inji ke daskarar da ruwa a tanki da dare, da rana kuma ƙanƙarar ta yi ta narkewa tana sanyaya ginin. Mutumin ya iya aiki, wannan ba a ɗauke masa. Ya haɗa bututu, ya ɗaure famfo, ko ɗigo babu. Saura gwaji a miƙa wa mai gini. To, watan Janairu ne, gari da sanyi, zauren kuma ba kowa sai kujeru a cikin ledarsu. Ƙa'ida ita ce a kunna fitilu duka, a jera na'urorin ɗumama ɗaki a madadin jikin mutane, a ga ko ƙanƙarar za ta kai la'asar. Gogan naka ya ji ƙyuyar nemo su. Ya kunna sanyin kawai, ya zaga da hannu a baya, sanyi ya ratsa shi. Mai gini ya ce, "Injiniya, ya yi?" Ya ce, "Alhaji, har ya yi yawa." Ya sa hannu.

Ya manta kujera ba ta numfashi, ba ta gumi. A watan Afrilu Alhaji ya buɗe zauren da walimar saukar karatun 'yarsa. Mutum ɗari bakwai, ga kulolin abinci na tururi, ga rana kamar ta sauko ƙasa. Injiniya na layin gaba cikin babbar riga, har an ambaci sunansa a lasifika ya miƙe ya ɗaga hannu. Kafin azahar tankin ya koma ruwa zalla. Ashe rabinsa kawai injin ke daskararwa, abin da gwajin yini ɗaya zai tona. Tagogin kuma ba masu buɗewa ba ne. Jama'a suka yi ta fifita da katin gayyata, kakar yarinyar ta sume aka fitar da ita ranga-ranga, aka ƙarasa walima a gindin darbejiya. Cikin kwana biyu injiniyan ya gyara, amma har yau Gidan Burodi mutanen garin suke kiran zauren, kuma ba wanda ya sake ba shi aiki ko na ɗaura fanka. Wallahi ina tausayinsa, don ba mugu ba ne. Sai dai Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.