Hoton Sata

Mai shagon ya rantse mata cewa ko ƙwayar gero ce ta faɗi ƙasa, kyamarar wayar nan sai ta nuno ta. Idanu uku gare ta a baya, kamar duwatsun murhu. Waya ce tsaka-tsaki, ba ta manyan alhazai ba, ba kuma ta yaku-bayi ba, daidai ƙarfin malamar firamare. Ummukulthum ta saya, ta sa mata koriyar riga ta roba.

Rantsuwar mai shago dai a tsakar rana ta tsaya. In akwai haske, hoto ya fito tas. Da an shiga inuwa kuwa, sai fuska ta koma dishi-dishi, kamar an bi ta da toka.

Ita ba don kwalliya ta saye ta ba. Mahaifiyarta, Inna Lami ta Unguwar Kanawa, ta haura saba'in ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ranar biki ta ja mayafi, ranar suna ta shige ɗaki.

"Ba za a rataye ni a bango in hana mala'iku shiga gida ba," in ji ta. "Wanda ya yi mini hoto, ban yafe ba."

Da wasa-wasa take faɗi, amma kowa ya san Inna ba ta magana biyu.

Ga shi ciwo ya kwantar da ita, kullum sai ƙara zubewa take. Ummukulthum ta tsorata. Mahaifinta ma haka ya tafi ba hoto, yau ko da kuɗi aka ce ta siffanta hancinsa ba za ta iya ba.

Wata Laraba ta taso daga gidanta a Katabu zuwa duba Inna, ruwa ya yi mata dukan tsiya tun daga Kawo. Ta shanya gyalenta, ta yafa tsohon mayafin Inna da ta gani a igiyar baranda. Ba wuta, ɗakin Inna ya yi duhu duk da la'asar ce. Ta lallaɓa jikin taga, wadda aka rufe saboda feshin ruwa. Ta gilashin tana hango Inna zaune a bakin gado tana jan carbi. Ta ɗaga wayar daidai ƙirji, ko fuskar wayar ba ta kalla ba, ta danna, ta cusa a jaka.

Ran Juma'a Inna ta cika. Kafin la'asar an kai ta makwancinta.

Sai ranar sadakar uku ta iya buɗe hoton. Ƙasansa baƙi ƙirin. A sama kuwa ga fuska cikin mayafin nan ruwan ƙasa, a rame, a dushe. Wayar ta goge billen da ke kumatun Inna, kamar yadda ta saba goge ƙurajen mutane ba a tambaye ta ba. Ta nuna wa ƙaninta Sharhabil. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Inna ce wallahi," ya fashe da kuka.

Abin da ya hana ta sakat idanun ne. Ba carbi suke kallo ba. Kai tsaye suke duban mutum, a buɗe, cike da wani abu mai kama da tsoro, mai kama da tuhuma.

Ashe ta gan ni? Tambayar da ta zauna mata a ƙirji ke nan. Ta tuna ranar Alhamis, da ta ba Inna kunu, Innar ta kau da kai. Zafin ciwo ne, ko fushi? In Inna ta tafi da kalmar nan ta "ban yafe ba" a bakinta, wa zai janye ta?

Ta rame ita ma. Tana cikin rubutu a allo sai ta ji kamar ana kallon ƙeyarta daga cikin jaka. Ta goge hoton sau biyu, sau biyu tana dawo da shi. Bayan kowace sallah sai ta buɗe shi ta ce, "Inna, ki yafe mini." Idanun ba su taɓa sassautawa ba.

Kwana arba'in cif, ta gaji. Ta kai wayar wurin Labaran, mai wankin hoto a Unguwar Dosa.

"Malam Labaran, hoton marigayiya mahaifiyata ne, ba wanke shi nake so ba. Ka haska mini shi kawai, in ga idanun nan sosai. In fushi ne, in sani."

Ya tura shi cikin kwamfutarsa yana tsaki. "Irin wayoyin nan, Malama, da sun ga duhu sai su kama abin da ya fi kusa da su."

Ya ja haske a hankali. Tokar ta fara washewa. Ga ɗigon ruwa a jikin gilashi. Ga igiyar shanya a baya, da gyale a rataye. Baƙin da ke ƙasa ya buɗe.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Ashe tsohuwar 'yar zamani ce."

Ummukulthum ta matso. A ƙirjin matar da ke hoton, rabi a ɓoye cikin mayafi, hannu ne riƙe da waya mai koriyar riga da idanu uku. Inna ba ta taɓa shiga hoton ba. Kwana arba'in ke nan tana roƙon gafara wurin inuwar kanta a gilashin taga.