Jinin Akuya a Jaket ɗin Kaki

Da hantsi Sikazwe, wani baƙo a unguwar 'yan haƙar tagulla ta Kitwe, ya miƙa wa mai wanki Bana Lombe, wato uwar Lombe, ƙunshin leda.

"Akuya na yanka, Mama. A fitar min da shi kafin yamma."

Ta warware. Jaket ne na kaki mai kauri, irin mai saƙa a karkace, jini ya bushe daga ƙirji har aljihu. Ta ɗaga kwala ta duba, yadda take yi wa kowace riga. Ta ɗan jima tana dubawa.

"Kwacha tamanin."

"Tamanin? Sabo nawa yake?"

"To je ka sayi sabon."

Ya biya. Tun da mijinta ya rasu ba wanda ya taɓa rage mata ko sisi, ba kuma tabon da ya taɓa gagarar ta. Shi ya sa aka nuna masa gidanta. Gaggawarsa kuwa ba a ɓoye take ba: tun jiya 'yan sanda ke bin gidaje suna buɗe akwatuna, ba su faɗi abin da suke nema ba.

"Zauna nan, ɗana. Ba zai daɗe ba."

Ta hura kurfoti, ta aza tukunyar ruwa. Ta leƙa katanga ta kira maƙwabciyarta Mwenya, ta ce ta sayo mata gishiri a shagon bakin titi.

"Ga gishiri can a kwalba, Yaya," in ji Mwenya. Sai ta ga tukunyar, ta rage murya. "Ke da kike zaginmu? Ba ke kika ce ruwan sanyi da gishiri ba, wai ruwan zafi dafa jini yake a cikin zare har abada?"

"Na bakin titi na ce." Ta raɗa mata wani abu. Mwenya ta fita ko takalmi babu.

Sikazwe ya hango kwanon tuwon masara a rufe kan benci.

"Mama, ba kya tayi?"

"Da mai shi."

"Ai har ya fara tsami."

"Da mai shi, na ce."

Ta shimfiɗa jaket ɗin a baho, ta tsiyaya tafasasshen ruwa a hankali, tana bin layin saƙar. Jinin ya koma ruwan ƙasa, ya kama ram. Ta ɗebi garwashi ta cika dutsen guga, ta danna a kai.

"Ya fita?"

"Zo ka gwada."

Ya saka. Hannun rigar ya rufe masa yatsu. Ya dubi tabon a ƙirjinsa, ya buɗe baki, sai ga Mwenya a ƙofa da 'yan sanda biyu daga ofishinsu na jikin shagon.

Bana Lombe ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta juya kwalar, ta nuna musu ƙulli uku na jan zare, alamar da take yi wa kayan gidanta kaɗai don kada su cakuɗe da na mutane.

"Da shi ɗana Lombe ya fita aiki ran Talata. Har yau bai dawo ba."