Karensu a Tafkin Kariba

A gaban idonsa wani ƙaton kada ya fizge karensu, ruwan tafkin ya koma ya kwanta. 'Yarsa tana bayansa, tana haɗa kayan kamun kifi.

"Zomo ya bi," ya ce mata. "Kin san halinsa."

Suka yi ta kira har rana ta yi sanyi. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa kan dutse, wai in karen ya dawo ya shinshina, zai kwanta ya jira su.

A mota ta daɗe tana kallon hanya, sannan ta dafa kafaɗarsa.

"Baba, ni ma fa na gani. Na ga kana son kiran ne, shi ya sa na taya ka."