Baƙin Mai a Ƙasan Kududdufi

Injiniyar ta zaro sandar daga kududdufin bayan gida, ta nuna wa matar gidan. Taɓon da ya manne a jiki baƙi ne wuluk, yana warin gareji.

"Mama, baƙin mai ne ya kashe kifin da kika zuba. Ya yi shekaru kwance a ƙasa. Kada a yashe, in aka dama shi zai bi ruwa har rijiyoyin maƙwabta. Rufe shi za mu yi da laka da gawayi, sannan yashi."

Matar ta juya kan tsohon da ke kula musu da lambu tun zuwansu Nasarawa daga Zariya.

"Baba, shekara talatin kana gidan nan. Wane marar imani ne ya mayar min da ruwa bola? Masu gyaran janareta ne ko?"

Tsohon ya jingine shebur.

"Marigayi maigida ne. Duk farkon damina yakan juye galan guda da hannunsa, don kada sauro ya ƙyanƙyashe. Ya ce kada in faɗa miki."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da zazzaɓi ya ɗauke autarku."

Washegari da tifa ta sauke yashi, matar ta ce leburori su dakata tukuna. Ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin ruwan, ta ɗebi yashin da tafin hannu, ta zuba a hankali, yadda ake zuba ƙasa a kan kabari, kamar tana sake binne maigidanta da autarta.