Koren Gonar Ƙanensa

Hassada mugun ciwo ce, ku ji yadda ta yi da wani manomi.

Duk zuwan ma'aikacin kamfanin da ke sayen shinkafarsu, sai ya buɗe hoton gonakinsu da tauraron ɗan Adam ya ɗauka a waya, ya ce wa ƙanen manomin, "Kai, wajenka kore shar!" Shi kuwa manomin, nasa wajen duk ya yi ja.

Da ƙanen ya tafi jinyar matarsa, manomin ya ɗauki fartanya ya toshe hanyar ruwan gonar ƙanen. "Sai mu ga abin da tauraron zai yaba," in ji shi.

Shuka ta bushe. Ma'aikacin ya dawo ya ce, "Baba, an cire ku daga cikin masu sayar mana. Hoto ya nuna gona ta mutu."

"Tasa dai," in ji manomin, har da murmushi.

"Wace tasa? Ai ƙanenka ne ya roƙa a haɗa gonakinku a zaman guda, don koren tasa ya rufa wa taka asiri."

Ya rasa mai saye, ya rasa takin baɗi da kamfanin ke bayarwa, ya kuma rasa ƙanen da ke durƙusawa ya gaishe shi.