Taya Biyu na Jif ɗin Najmuddeen

Taya ta tara ke nan Najmuddeen yake shura da ƙafa a shagon Cyril. Ƙanwarsa Khaulat na zaune a benci tana kallon bango, kunya ta daɗe da daina kama ta.

"Jif ce fa, oga Cyril, ba a-kori-kura ba. Gobe dangin budurwata za su zo Azare ganin gidanmu. In suka raina mu, an fasa auren."

Da ƙyar ya zaɓi biyu masu sheƙi.

"Gaba za a sa ko baya, Alhaji?" in ji Cyril.

Najmuddeen ya hau gyaran hula. Khaulat ce ta amsa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ɓangaren titi. Ɗaya ɓangaren na jikin katanga, a kan bulo. Shekara uku ba inji a cikinta, sai kajin Umma."